Doyar da Kofato Ya Fara Yankawa

A shekarar da wayar salula ta shigo Lafiya, shanun Arɗo Dabo suka karya shinge a Assakio, suka bi ta kan kunyoyin doyar Torkula, manomin da ya daɗe yana bar musu hanya zuwa rafi. Torkula bai kai ƙara ba. Hanyar ya toshe da ƙaya, daga baya ya aika wa Dabo ya zo cin abinci.

Dabo ya san ƙa'idar tun zamanin mahaifinsa: wanda ya ci abincin maƙwabci ya karɓi sulhu, wanda ya janye hannu ya ƙi. In ya ƙi, shanunsa za su shiga rani babu mashaya.

Hembadoon, matar Torkula, ta dire tukunya ta buɗe. Ba sakwara ba ce. An yanka doya fale-fale, an jera, an shimfiɗa albasa da tumatir, an sake rufewa da doya, hawa bisa hawa, manja yana tsattsafowa ta gefe. Iyaye da kakanni a sama suke ɗora wa baƙo nama, ya ga matsayinsa da idonsa. Nan kuwa komai a binne yake. Daga bayan gida alade ya yi gurnani, Dabo ya ɗora hannunsa bisa gwiwa.

"Bismilla mana, Arɗo," in ji Torkula. "Mata na ya tashi tun safe."

"Uwargida," Dabo ya ce a tsanake, "mene ne a ƙasa?"

"Mai bin bajimi da sanda yana tsoron tukunya?" in ji Hembadoon.

Ta ɗauko tire ta kife tukunyar a kai, ƙasa ta koma sama. Bandar kifi ce. Ta nuna masa gindin tukunyar, sabuwa fil, ba ta taɓa ganin wani nama ba.

Dabo bai saki jiki ba. "To don me aka yanka ta kamar takarda? Ban taɓa jin an ba dattijo doya haka ba."

Hembadoon ta ce, "Shanunka suka fara yankawa, Baba. Duk inda kofato ya fasa, ya ruɓe. Na bi da wuƙa ina ceton abin da ya saura. Babu gunduwa ɗaya da ta isa turmi."

Dabo ya dubi tiren ya daɗe. Ashe gonar ce aka kawo masa gabansa.

Ya wanke hannu, ya gutsura har ƙasa.

"Mahaifina ya taɓa kwantar da garke a gonar mahaifinka bayan girbi, don taki," ya ce wa Torkula. "Bana za a maimaita. Shingen kuma 'ya'yana za su ɗaure."

Dabo ya kai lomar baki, Torkula ya zuba ido. Maƙogwaron baƙonsa yake kallo. Sai da lomar ta wuce, sannan ya tambayi matarsa inda aka ajiye addar sare ƙaya.