Ɗan Farin Yalwa

Ranar da Zainabu ta fara zagaya zaren awo a dantsen Waliyyu, sai da ta sake awon, don ba ta yarda da idonta ba. Zaren ya tsaya a kan ja, alamar tamowa ta ci ƙarfin yaro. Zainabu na cikin matan da ke bin gida-gida suna duba 'ya'yan marasa ƙarfi. Daga unguwar Firchin ta garin Jega take hawo kabu-kabu duk mako zuwa ƙauyen Andarai, jakarta cike da ledojin kwaɓin gyaɗa da ake ba irin waɗannan yara. Ta ga yara iri-iri, amma wannan ya tsaya mata a rai: bai kai shekara biyu ba, wuya kamar zare, idanu sun faɗa, ko kukan kirki ba ya iya yi.

Gidan kuwa ba wani gida ba ne, ɗaki biyu ne da darni. Uban yaron, Mu'azu, yana can Aliero yana ƙwadago a gonakin albasa, sai ya yi kwanaki bai leƙo ba. Tun da aka yaye Waliyyu ya koma ɗakin kakarsa, Inna Magajiya, uwar Mu'azu. Ita ke goyonsa, ita ke kwana da shi, tana kiransa angonta. To angon nan fa ya ƙi cin komai ƙememe. Inna ta kai masa leda baki, ya datse haƙora. Zainabu ta karɓa ta gwada, da rarrashi da tafi da 'yar waƙa, ya kau da kai ya bar ta da hannu a sama.

Uwarsa Yalwa tana nan zaune a tsakar gidan, ta ba su baya, tana yanke ganyen albasar da ake kawo mata aikatau. Ko waiwaye ba ta yi ba. Zainabu ba baƙuwa ba ce, ta san dalili sarai. Waliyyu ɗan fari ne, kuma Yalwa ba za ta ɗauke shi a gaban surukarta ba, ba za ta yi masa wasa ba, sunansa ma ba ya fita bakinta. Uwar Zainabu har ta tsufa ba ta taɓa kiran sunan babban wansu ba. Amma kai, sanin abu daban, ganin yaro yana ƙarewa a gabanka daban! Ranta ya ɓaci, ta ce, "Yalwa, ki tashi ki gwada mana. Kunya ba ta ciyar da ɗa."

Yalwa ta ƙara sunkuyar da kai. Inna Magajiya ta ɗago ta dubi Zainabu sama da ƙasa ta ce, "Malama, awo anka aiko ki, ko gyaran gida?"

Haka Zainabu ta koma Jega jiki a sanyaye. Mako ya zagayo, ledoji na nan a ƙwarya kusan yadda ta bar su. Ta yi maganar a kai shi asibiti a kwantar, Inna ta ce sai Mu'azu ya dawo, kuma wa ya san ranar dawowarsa? Zainabu ta ji tsoro na gaske, don ta san inda irin wannan hanya take ƙarewa.

Ba ta iya jiran wani makon ba. Wata safiya ta faɗo gidan ba a tsammace ta ba, ta yi sallama a hankali, ba wanda ya amsa. Ashe Inna ta tafi gaisuwar rasuwa Maiyama. Sai Zainabu ta jiyo murya daga ɗakin Yalwa, ƙasa-ƙasa, ana waƙa ana dariya. Ta leƙa ta gefen labule. Ga Waliyyu a cinyar uwarsa, tana lakato gyaɗar da yatsa tana sa masa a baki, tana ce masa, "Ha, babana, ha!" Shi kuwa yana buɗe baki tun yatsan bai iso ba. Leda guda ta ƙare tas, yana lasar leɓe.

Yalwa na ganinta ta zabura za ta sauke shi. Zainabu ta riƙe mata kafaɗa ta ce, "Zauna, ƙanwata. Wallahi ba ki yi laifi ba, ni ce ban gane ba." Hawaye suka zubo wa Yalwa, ta ce, "Hannuna kaɗai shika ci, Yaya. To Inna ba ta zuwa ko'ina. Ni ya za ni yi?"

Zainabu ta zauna jiran tsohuwa. Da Inna ta dawo, ta tare ta da ruwa, ta bar ta ta huta, sannan ta gurfana kusa da ita ta ce, "Inna, angon nan naki fa ya ci amanarki. Ya ƙi girkinki, yau na kama shi yana cin na wata."

Inna ba ta yi dariya ba, don ta gane zancen tun kafin a ƙarasa. Ta ce, "Wato in sa ta ɗauki ɗan hwari gabana? Mutanen garin ga su ce mi?"

"Ni ban ce gabanki ba, Inna."

Inna ta daɗe tana kallon jikanta da ke barci a tabarma, bakinsa duk maiƙon gyaɗa. Can ta miƙe ƙafa ɗaya, ta murza gwiwa, ta yamutsa fuska ta ce, "Wagga ƙahwa ta dame ni kwanan nan. An ce zama ka ƙara ta. Ina ga sai na riƙa ɗan tattaki."

Ai kuwa Andarai ta ga tattaki! Tsohuwar da ko biki sai an roƙe ta, sai ga ta da hantsi a gidan maƙwabta ɗebo wuta, alhali murhunta na ci. Da azahar ta tafi barkar haihuwar da aka yi tun kafin azumi. Da la'asar ta je duba akuyar da ba tata ba. In za ta fita sai ta ɗaga murya ta gaya wa kaji cewa za ta daɗe, in za ta dawo kuma tun daga bakin darni take fara tari, tari mai tsawo, wanda zai ishi mutum ya goge bakin yaro ya mayar da shi tabarma. Ba ta taɓa ce wa Yalwa uffan a kan zancen ba, Yalwa ma ba ta ce mata ba. Maƙwabta har sun fara tsegumin ko tsufa ne ya taɓa ta, ita kuwa ko a jikinta.

Zainabu na zuwa tana awo, zuciyarta na tsalle. Zare ya bar ja ya koma rawaya. Kumatu suka fito, rigima ta dawo, har ya fara jan wutsiyar akuya. Ranar da zaren ya hau kore, gidan cike yake, don Mu'azu ya dawo daga Aliero, matan maƙwabta kuma sun shigo kallon awo. Zainabu ta ɗaga hannun yaron sama ta ce, "Alhamdu lillahi! Ya fita, Inna, ya fita!"

Tana sakinsa Waliyyu ya dafa ƙasa ya miƙe. Inna ta buɗe hannu tana kiran angonta, ya wuce ta ko kallo. Ya wuce ubansa. Ya ratsa matan nan yana tangaɗi har inda Yalwa ta ba mutane baya, ya cafki zaninta, ya ɗaga hannu biyu yana son a ɗauke shi. Yalwa ta daskare, ido ya yi mata yawa, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Yaro ya fara taɓe baki.

Zainabu ta buɗe baki za ta yi magana, Inna Magajiya ta riga ta.

"Ke Yalwa, ɗauki ɗanki! Ni na gaji da yawo, ƙahwata ta warke."

Mata suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Yalwa ta sunkuya ta sure shi a gaban kowa, ta ɓoye fuskarta a wuyansa tana kuka tana dariya, kuma ba ta sauke shi ba.