Jifan da Ba Mai Cafewa

Ƙwallon tana tsaye cak a sama, a kan allon majigin ɗakin taro, ba ta hawa ba ta sauka. Ƙarƙashinta babu kowa, sai ciyawa da farin layi. Koci Brubaker ne ya tsayar da hoton a nan, kamar yadda ya yi ta tsayar da shi tun ranar da kakar wasa ta ƙare.

"Laifin mai cafewa ne," in ji shi. "Hagu aka ce ya karya, ya karya dama."

"Na tambaye shi," in ji Wendell Tackett, manajan ƙungiyar. "Ya ce dama aka ce masa. Sauran ma duk dama suka ji."

"To, duk kurame ne."

Wannan jifa shi ya fitar da Masunta, ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ta garin Duluth, daga gasar bana. Wanda ya yi shi kuwa Royce Halvorsen ne, mai jifan ƙungiyar, mutumin da kowace ƙwallo sai ta bi ta hannunsa kafin ta je ko'ina. Shekara da shekaru yana riƙe da wannan gurbi. Shi ya kawo wa garin kofi ɗaya tilo da ya taɓa gani, har yara da dama sun ci sunansa. Yanzu yana dab da arba'in, kwantaraginsa ya ƙare, ga kuma ranar zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i tana ƙaratowa.

Madam Adelaide, wadda ta gaji ƙungiyar daga mahaifinta, ta cire tabarau ta ajiye a tebur. "Ni dai ku faɗa mini wanda zai tsaya a gurbin nan baɗi."

"Royce," in ji koci. "Likitoci sun duba shi tun daga kai har ƙafa. Garau yake."

"Tevita fa?"

Tevita Fonua shi ne matashin da suka ɗauko bara waccan don ya gaji Royce, ya ɓige da ɗumama benci.

Koci ya taɓe baki. "Hannu kam akwai, kamar igwa. Amma da ya ga ƙato ya taso masa, ko sunan uwarsa ba ya tunawa."

"Yaushe ka gani?" in ji Wendell. "Ba ka taɓa sa shi ba sai wasa ya riga ya lalace."

"To kai Tevitan kake so?"

"Ban ce ba."

"Royce ke nan?"

"Shi ma ban ce ba."

Madam Adelaide ta yi ajiyar zuciya. "Shekaranjiya na tashi da niyyar sabon jini. Jiya a coci wata tsohuwa ta riƙe mini hannu, ta ce in na sallami Royce ba za ta yafe mini ba. Yau da safe jikana ya kira ni, wai akwai wani yaro a Texas da ya fi su duka biyun. Wendell, kai aka ɗauka don ka sani."

Wendell bai sani ba. Abin da ya sani kawai shi ne manajan da ya yi kuskure a wannan gurbi ba ya kai baɗi a ofishinsa. Ya ɗauki rigar sanyinsa, ya ce zai je ya ga Royce.

Ya same shi da rana a gareji, a gidansa na bakin tafki, ya kwance injin kwalekwale yana wanke-wanke, hannu duk baƙin mai.

"Ga mai yanka ya iso," in ji Royce. "Da takarda ka zo ko da wuƙa?"

"Da yunwa na zo, tsoho."

"Wa kake kira tsoho? Dubi kanka, ko gashin rantsuwa babu."

Ya miƙa masa kyafaffen kifi a takarda da kofi mai zafi, suka zauna a kan akwatunan kayan aiki. Wendell ne ya ɗauko Royce daga jami'a tun yana ɗan siriri, lokacin da kowa ke cewa bai isa ba. Sun daɗe da wuce zagaye-zagaye.

"Jifan nan na ƙarshe," in ji Wendell. "Wa ka jefa wa?"

Royce ya ci gaba da goge wani ƙarfe da tsumma. Can ya ce, "Lamont."

Wendell ya dakata da tauna. Lamont Boudreaux shi ne mai cafewa a shekarar da suka ci kofi. Ya daɗe da barin wasa, yana can kudu yana sayar da motoci.

"Lamont ba ya cikin fili, Royce."

"Ai na sani. Yanzu na sani." Ya yi 'yar dariya. "Amma a lokacin, na rantse maka, na gan shi. Na ɗaga kai, sai na ga duk duniya ta koma waccan shekarar. Har rigunan abokan karawar suka canza launi. Na kira tsarin da muke yi da shi a zuciyata, na saki ƙwallo. Ka kuwa ga jifan? Da yana wurin, da a tafin hannunsa za ta sauka."

"An buge ka a kai kafin nan?"

"Kullum ana buguna a kai. Aikin ke nan."

"Ya taɓa faruwa?"

"Sau ɗaya. Ko biyu. Ba a fili ba." Ya ajiye tsumman. "Tambayoyin likitocin nan kuwa na haddace su tun tuni, ko a mafarki zan amsa. Wendell, wannan magana tsakanina da kai ce. In ta fita, shi ke nan abin da za a tuna da ni. Ba kofi ba, a'a, tsohon da ke jefa wa fatalwa ƙwallo. Ka yi mini alkawari."

Wendell ya dube shi, ya dubi injin da ke warwatse a ƙasa. Ya gyaɗa kai tun kafin ya gama tunani.

"To me kake so in yi?"

"In ka kawo takarda, zan sa hannu. In ka hana, zan zage ka a jarida." Royce ya sosa gemu. "Wataƙila in gode maka a zuci. Ko kuma in gode maka a jarida, in zage ka a zuci. Ni ma ban sani ba. Da safe nakan tashi jikina kamar an daka ni a turmi, in ce na gama. Kafin rana ta yi tsaka kuma hannuna ya fara ƙaiƙayi."

Da Wendell ya fito, Corinne, matar Royce, tana tsaye a jikin motarsa, ta ƙudundune cikin rigar mijinta. Dusar ƙanƙara na sauka kaɗan-kaɗan a kan gashinta.

"Ya faɗa maka?"

"Ya faɗa."

"Watan jiya ya je ɗauko 'yarmu daga makaranta, ya tsaya a ƙofar firamare yana jira. Yarinyar da ke shirin shiga jami'a." Ta share hanci. "Kada ka ba shi takardar nan, Wendell, don Allah."

"To."

Ya buɗe ƙofar mota, sai ta riƙe ta. "Amma in ya zauna a gida, ban san me zai zama ba. Na ga yadda yake in an yi hutu, kamar kare a keji. A fili ne kaɗai yake zama shi." Ta saki ƙofar. "Ban san me nake roƙonka ba."

"Ni ma ban san me na amsa ba," in ji shi.

A hanya ya yi ta juya maganar. In ya faɗa wa Madam Adelaide, kafin gari ya waye jikanta ya ji, kafin la'asar gidajen rediyo sun ji. In ya faɗa wa likitoci, Royce zai musa, ya kuma ci jarrabawarsu kamar kullum. In ya yi shiru ya ba shi kwantaragi, shi ne zai tura shi gaban ƙartin da ke cin abinci da bugun mai jifa. Sai hanya ɗaya ta rage, ita ma bai tabbata hanya ce ba.

Washegari ya shiga ɗakin taro, ya ce, "Tevita ne. Za mu sallami Royce."

Koci Brubaker ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. "Saboda me? Jiya-jiyan nan ba ka da ra'ayi!"

"Yau ina da shi."

"Ba ni dalili ɗaya."

"Shekaru."

"Shekarun nasa jiya suka ƙaru?"

Madam Adelaide ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ikon Allah. Ni kuwa da safen nan na yanke shawarar mu riƙe shi." Ta mayar da tabarau. "To, shi ke nan. Amma ka sani, Wendell, in yaron nan ya kasa, kai da shi mota ɗaya za ku shiga."

Garin ya ɗauki zafi. A rediyo aka kira Wendell butulu. Wani ya zuba ruɓaɓɓen kifi a ƙofar ofishinsa. Mai kantin da yake sayen burodi shekara da shekaru ya daina amsa masa gaisuwa. Tevita ya zo ya yi masa godiya da hannu bibbiyu, ya tambaye shi me ya gani a tare da shi. Wendell ya ce ya ga abubuwa da yawa, ya kasa ambatar ko ɗaya. Royce kuwa bai zage shi a jarida ba, bai kuma gode masa ba. Wendell ya ɗauki shirun nan a matsayin alheri, har ya fara cin abinci da daɗi.

Sati biyu bai cika ba, yana zaune a ofis da hantsi, sai koci ya shigo ba ƙwanƙwasawa, ya kunna talabijin ɗin bango, ya fita.

Royce ne, sanye da kwat, yana riƙe da jar rigar ƙungiyar Omaha, sunansa a bayanta. Yana murmushi har kunne. A gefensa manajan can, Hollis Crane, yana faɗa wa 'yan jarida cewa likitocinsu sun duba shi, lafiyarsa ƙalau, kuma har yanzu ya kasa gane abin da ya sa mutanen Duluth suka yar da zinariya a bola. A can baya, dab da bango, Corinne na tsaye, ta rungume jakarta a ƙirji, tana kallon ƙasa.

Wendell ya daɗe yana kallon wayarsa kafin ya ɗauka ya kira Hollis. Bugu biyu Hollis ya amsa, ana jin hayaniyar mutane a bayansa.

"Wendell, mutumina! Kuka ka kira ka yi mini, ko murna?"

"Hollis, masu tsare mai jifa a wurinka, yaya suke? Ɓangaren hagu, inda ba ya ganin mai taso masa."

Hollis ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai ma ka sani, rariya ce. Bana sau nawa aka kwantar mana da yaro? Shi ya sa nake neman namijin da ba ya tsoron bugu. Naka kuwa ko kai aka fasa masa, tashi yake ya ci gaba." Ya yi wa wani magana a gefe, ya dawo. "Ana jirana a ɗauki hoto. Akwai wani abu ne?"

A talabijin, wani ya miƙa wa Royce hular kwano ja. Ya juya ta a hannu, ya saka, ta zauna masa daidai. Mutane suka tafa.

"Wendell? Kana ji na?"

"Ina jin ka," in ji Wendell.

"To, faɗi mana."