Katin Yaya Loretta

Loretta Stroud ta ratsa tsakanin masu gasa masara da rumfar shanun da aka kawo gasar kiwo, tana neman kujerar da aka ce an ajiye mata a sahun gaba. Ranar ƙarshe ce ta bajekolin gunduma, ranar da masu neman kujerar majalisar tarayya ke hawa damin ciyawa ɗaya bayan ɗaya, kowa da minti ashirin, ya faɗi asalinsa da abin da zai yi in an zaɓe shi. Bana ƙanenta Wendell yana cikinsu.

Paige, matar da ke riƙe da ragamar kamfen ɗinsa, ita ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da Misis Tolbert, shugabar matan cocinsu. Ta ce mata in ta ji ya kira ta ta miƙe, kuma kada ta zauna sai an ce ta zauna.

Daɗi ya kama Loretta. Wendell yana da shekara bakwai mahaifiyarsu ta rasu. Ita Loretta ta bar makarantar koyon aikin jinya ta shiga masana'antar fiɗar talotalo, ta yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin sanyi, har yatsunta suka kanannaɗe. Da waɗannan yatsun ya zama lauya. Ba ta taɓa neman godiya ba, amma gaskiya tana so sau ɗaya ya faɗa a gaban mutanen garinsu.

Abu guda take ɓoyewa. Shekara shida ke nan da katin tallafin abinci na gwamnati take cefane. A garinsu mai wannan katin ba ya ɗaga kai, shi ya sa take tuƙa tsohuwar motarta zuwa wani gari mai nisa, inda mai kanti bai san fuskarta ba. Wendell kaɗai ya sani, don shi ya cike mata takardun, kuma ya rantse ba mai ji.

Ya hau damin ciyawa da hannun riga a naɗe, shi da rabonsa da gona tun yana firamare. Ya yi alkawarin rage wa manoma haraji da gyaran gadar da kowane ɗan takara ke gyarawa da baki. Sai ya sassauta murya ya shiga labarin maraici.

"Yaya, tashi su gan ki."

Ta miƙe. Ya sa ta ɗaga hannuwanta, ya ce waɗannan ne suka raine shi. Tafi ya ɓarke har daga rumfar shanu. Hawaye suka cika mata ido, ta ji duk sanyin da ta sha ya biya.

Ya jira tafin ya lafa.

"Amma ni ba na ɓoye-ɓoye. Yayata ɗin nan shekara shida da harajinku take cin abinci. Katin gwamnati ne a jakarta yanzu haka. Ina ƙaunarta, Allah ya sani. Amma in kuka tura ni majalisa, duk mai iya tsayawa da ƙafafunsa sai ya nemi aiki ko a karɓe katin. Ga ta nan kuna gani, a tsaye take. Daga gidanmu zan fara."

Wannan tafin ya ninka na farko. Wani ƙato mai hular kaboyi har da fito. Loretta ta tsaya da hannuwa a sama, ba wanda ya ce ta zauna, ga na'urorin ɗaukar hoto uku a kanta. Kunya ta rufe ta har ta daina jin abin da yake faɗa.

Da aka tashi, Misis Tolbert ta dafa kafaɗarta cikin irin tausayin da ya fi mari zafi.

"Haba Loretta, ai da kin faɗa mana. Kowace Laraba muna rabon abincin gwangwani a coci. Ki biyo ta ƙofar baya, ba mai ganin ki."

Loretta ta sami Wendell a bayan tanti yana gaguyar masara, man shanu na bin haɓarsa. Kafin ta buɗe baki Paige ta tare ta da bayani. Wai mutanen abokin hamayya sun riga sun tono zancen katin, gara ya fito daga bakinsa. Wai tun watan jiya aka tara masu zaɓe goma sha biyu a ɗaki aka gwada jawabin a kansu, kuma nan wajen suka fi so. Loretta ta tuna cewa a cikin watan nan sau biyu ya ci tuwon dankali a teburinta.

"Ka rantse mini, Wendell."

"Yaya, siyasa ce. Ke ma kin ji tafin." Ya goge baki da takarda. "Saura gundumomi tara, mota za ta riƙa zuwa ɗaukar ki. Abu ɗaya kawai: gobe in na zo kan katin, ki sunkuyar da kai. Murmushin nan da kika yi ya ɓata hoton."

Ita ba ta ma san tana murmushi ba.