Kusurwar Malam a Baƙin Allo

Ga ta nan tafe gare ku, jikokina.

Ta iso, Kaka, kunnenmu na wajenki.

Wata malama ce, mijinta ma malamin lissafi ne a makaranta ɗaya. Ran nan yana tsakiyar rubuta lissafi a allo ya dafe ƙirji ya zauna, bai ƙara tashi ba. Allah ya jiƙansa. Da aka ba ta ajinsa, ta goge allon duka, ban da kusurwar sama inda lissafin nan ya tsaya bai kai ƙarshe ba. Yara suka sa wa wurin suna Kusurwar Malam. Shekaru suka yi ta tafiya, tsumma bai taɓa hawa wurin ba. Kullum da safe sai ta ɗaga kai ta dube shi, amma daga nesa. Ba ta iya matsawa kusa.

Ana nan sai zamani ya shigo makarantar. Aka raba wa yara ƙananan kwamfutoci, aka kawo allon lantarki, irin wanda ake shafawa da yatsa. Aji bayan aji ana fente baƙaƙen alluna ana kafa sababbi, har aka iso nata.

Hedimasta, wanda shi ma ɗalibin marigayin ne, ya zo yana sosa ƙeya. "Mama, kin san dai bango ɗaya ne ke fuskantar yara, nan za a kafa sabon."

"Na sani, ɗan nan. Ni na koya maka gabas da yamma."

Mai kafa allon ya ajiye abin huda bango ya ce, "Mama, bari in ɗauka miki hotonsa. Hoto ba ya goguwa."

Ya ɗauka, ya jingine sabon allon a kan tebur, ya haska hoton, ya buɗe shi da yatsu biyu har kowace lamba ta kai tsawon hannu. Malama ta gyara tabarau. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan bakwai ɗin ba tasa ba ce," in ji ta. "Shi ba ya yi wa bakwai ɗamara."

Ga shi nan ƙuru-ƙuru: alli a kan alli, wani layin mai kauri, wani mai rawa, wani na bahago.

Monita, wata doguwar yarinya, ta miƙe, idonta a ƙasa. "Malama, alli yana dusashewa. In ya fara ɓacewa, monita ke hawa kujera ya bi sawunsa kafin ki shigo. Wadda na gada ce ta koya mini. Ita ma haka aka koya mata."

Hedimasta ya juya yana kallon taga. Ashe shi ya fara roƙon monitan farko ya riƙa bin sawun allin.

Malama ta zauna a benci cikin yara. Hannun mijinta ya daɗe da barin bangon nan, ita ce kawai ba ta sani ba. Can ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Miƙo mini tsumma." Da hannunta ta goge.

Lissafin nan shi aka fara yi a sabon allo, monita ce ta ƙarasa shi.

Malama ta ci gaba da koyarwa da yatsa har ta yi ritaya, hoton yana cikin wayarta. Hedimasta an yi masa canjin makaranta. Mai kafa allo ya wuce aji na gaba. Monita kuwa yanzu ita ke koyar da lissafi a ajin.