Waken Gwangwani

Wani dare na ji wani irin sauti daga makarantar firamare da ke bayan gidana, tsulul-tsulul, kamar akuya na fitsari a kwano. Da na leƙa, sai ga kafintan unguwarmu riƙe da buta, ya zura hannu ta ɓallalliyar tagar aji.

Ashe Malamar ajin ce ta sa kowane yaro ya shuka wake a gwangwani, ta liƙa takarda mai sunansa. 'Yar kafinta ta shuka nata, zazzaɓi ya ɗauke ta kafin ya tsiro. Shi bai iya karatu ba, ya kuma ji nauyin tambayar wanne ne nata, sai yake shayar da gwangwanayen duka kowane dare.

Ruwa ya yi yawa, waken ya ruɓe, guda ɗaya ne ya rayu. Ranar da Malama ta fito da gwangwanayen rana, muka taru.

"Baba, ai da ka tambaye ni," ta ce wa kafintan. Ta duba takardun, tawada duk ta wanke.

Maƙwabciyata mai ɗinki ta nuna mai ganyen. "Malama, ko wannan ne nata?"