Mai Zuba wa Jirgin Sigli Itace

Shekara ashirin da biyu babana, Syamaun, ya yi yana zuba wa jirgin ƙasa itace tsakanin garuruwan Sigli da Bireuen, kuma duk shekarun nan mutum ɗaya ne ke tsaye kusa da shi riƙe da birki: Kawu Banta. Ƙauyensu ɗaya, rana ɗaya suka kama aiki, tun zamanin Turawan Holan. Sai dai Kawu Banta ya yi aji uku a boko, Baba kuwa ajami kawai ya iya. Da aka zo ɗaukar direbobi aka miƙa musu takarda, Baba ya jujjuya ta ya mayar. Ɗaya ya zama direba, ɗaya ya ƙare a bakin wuta.

Jirgin ɗan ƙarami ne, tsakanin ƙarafunan dogonsa bai fi taku ɗaya ba. Da motocin haya suka yi yawa aka daina tafiya da shi, mutane suka kafa shaguna a kan layin. Ni dai na tashi na ga tsofaffin biyu suna gaisawa a masallaci, amma ba sa zama teburi ɗaya a shagon gahawa.

Wata shekara bayan girbin shinkafa sai ga wata malama daga birnin Banda Aceh, Rohana, da 'yar rikodarta. Littafi take rubutawa a kan tarihin layin. Ta tambaya wa ya san jirgin, kowa ya nuna mata gidan Banta. Kwana huɗu tana zama da shi a shagon gahawa, jama'a sun kewaye su, shi kuwa ya ci hula sabuwa yana ta zuba.

Baba ya daina fita. Na kai masa shinkafa da kifi, ya ture kwanon.

"Nurlaila, me yake gaya mata?"

"Ina zan sani, Baba? Ban je ba."

"Ƙarya yake gaya mata. Mutumin da ko ashana bai iya ƙyastawa ba! Ni na san ƙamshin itacen da zai hau tudu da wanda zai tsaya a hanya. Shi me ya sani? Jan igiyar usur da ɗaga wa 'yan mata hannu."

Na ce, "To ka je ka gaya mata mana."

"An kira ni ne?"

A rana ta biyar maƙwabcinmu ya shigo yana dariya, ya ce yau Banta labarin gada yake bayarwa. Kowa a garinmu ya san labarin: wata damina ruwa ya cinye ƙafar wata 'yar gada, jirgi na tafe da tarago shida cike da 'yan kasuwa, Banta ya taka birki saura kaɗan su afka. Har takardar yabo aka ba shi, tana rataye a ɗakinsa.

Baba bai tsaya neman takalmi ba. Na bi shi a guje, don na san ƙafarsa ba ta da ƙarfi.

Ya tsaya a kan Kawu Banta yana haki. "Wa ya ga gadar? Faɗa mata! Kai kana can kana goge agogonka. Ni na leƙa don in sha iska, na ga dogo ya lanƙwashe, na finciko rigarka har ta yage. An ba ka takarda, ni an ce in share toka."

Kowa ya juyo yana kallonsu. Na ɗauka Kawu Banta zai musa, sai ya yi murmushi ya jawo kujera.

"Zauna, Syamaun, kada ka faɗi. Malama, ga shi nan, shi ne wanda na gaya miki."

Malama Rohana ta miƙe. "Baba, tun ranar farko ya ce kai ka ga gadar. Ya ce in bar ka tukuna, in ka ji haushi da kanka za ka zo."

Mutane suka fashe da dariya. Baba bai yi ba. A hanyar gida ya riƙe kafaɗata, ya ce, "Kin gani? Shekara arba'in ya yi shiru yana kallon takardarsa a bango. Yau da ya ga dama, ya ba ni gaskiyata kamar mai ba da sadaka, kuma shi aka yaba."

Duk da haka washegari ya sa na share tsakar gida, na naɗe waina a ganyen ayaba. Kwana shida malamar tana zuwa. Ya ba ta labarin lokacin mamayar Japanawa, da aka yi ta ƙona ɗanyen itace, da yadda ake yayyafa yashi a dogo in ya yi santsi, da sunan kowace tasha da jirgin ke shan ruwa. Kullum in za ta tafi sai ya tambaye ta, "Banta ya gaya miki wannan?" In ta ce a'a, ranar har ƙarin abinci yake yi.

Littafin bai fito ba sai bayan shekara biyu, a lokacin Kawu Banta ya rasu da wata biyar. Baba ya sa ni na karanta masa tun daga bango. Babi guda sukutum nasa ne, har da hotonsa. Amma a shafin farko an rubuta cewa an sadaukar da littafin ga marigayi Banta, direba.

Ya karɓi littafin ya rufe. Can ya ce, "Ko mutuwar ma sai da ya riga ni."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗauki lauje ya ce in raka shi maƙabarta. Ciyawa ta rufe kabarin Kawu Banta. Ya durƙusa da ƙyar yana yanka yana mita, wai 'ya'yan Banta ba su da kirki, wai da shi ne aka sa sunansa a shafin farko da ba a bar shi haka ba. Da ya gama ya yi masa addu'a doguwa, har sai da rana ta dame ni na koma inuwa ina jiransa.