Yafiyar Ranar Lahadi

Shekara ashirin da bakwai Malam yana koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma bai taɓa kuskuren gane cuta ba. Haka ya shaida wa likitar tun kafin ta gama buɗe sakamakon gwajin matarsa.

"Ina taɓa ƙullutun nan na kafaɗarta na san ciwon daji ne. Ki faɗa kawai, likita, mun shirya."

Sun shirya kuwa. Mako uku matar ta yi tana bin dangi gida gida tana neman gafara, ta rabar da zannuwanta har da na ƙasan akwati. Malam ta bari a ƙarshe. Ranar Lahadi, yana duba takardun ɗalibai, ta durƙusa ta gaya masa cewa takardar gurbin karatun likita da ya yi ta jira a shekarar aurensu ta iso tun a lokacin. Ita ta karɓa, ta cusa a murhu, don kada ya tafi ya bar ta. Ya daɗe yana kallon jan biron da ke hannunsa. Sannan ya ce ya yafe, tunda mai mutuwa ba a hana shi yafiya.

Likitar ta ajiye takardar. "Malam, ba daji ba ne. Faiburoma muke ce masa. Zaren naman da ke riƙe fata da tsoka ne ya taru ya dunƙule. Ba ya yaɗuwa, ba ya kisa. Cikin minti ashirin za mu cire shi."

"Ki sake dubawa."

"Sau biyu aka duba. Mama, in Allah ya so sai kin goya jikokinki. Kai kuwa Malam, Allah ya rufa wa marasa lafiya asiri da ba ka zama likita ba."

Ta yi dariya. Ita kaɗai.

A bakin titi matar ta gyara mayafin da ta aro wajen ƙanwarta, don nata duk ta bayar.

"Baban yara," ta ce a hankali, "yafiyar nan ta ranar Lahadi, tana nan?"

"Ga mota nan," in ji shi.

Ya shiga gaba kusa da direba, abin da bai taɓa yi ba in suna tare. Ta zauna can baya, ta ɗora hannu a kan ƙullutun da ba zai kashe ta ba.